Amsa ga Kawu kan batun rautar gida

Assalamu alaikum jama'ar gida. Kawu, na saurari muryarka, kana tambaya ko ka cire TP-Link ɗin nan, wato rautar da ke raba intanet a gidanka, tunda Amurka na maganar hana shi. Na san abin da ke damunka, tsoronka kada wani ya shiga Absher ɗinka, manhajar hidimomin gwamnatin Saudiyya, ko asusun banki ta intanet ɗin gida. To saurara.

Maganar gaskiya ce, ba ƙirƙira ba. A watan Agusta 2024 wasu 'yan majalisar Amurka biyu suka nemi a binciki kamfanin saboda asalinsa na Shenzhen ne a Sin, kuma a wannan shekarar kamfanin Microsoft ya ce masu kutse daga Sin sun kame dubban rautoci, yawancinsu TP-Link, suna kai hari ta cikinsu. Huawei da ZTE ma, su ma kamfanonin Sin ne, tun 2022 Amurka ta daina ba sabbin kayansu izini. Amma wannan dokarsu ce can. Mu nan Jidda, ɗaga rautar 5G da kamfanin waya ya ba ka ka duba ƙasanta, sau da yawa Huawei za ka gani.

Kuma wai na Amurka ne mai tsarki? Takardun sirrin Amurka da Snowden ya fallasa sun nuna hukumar leƙen asirinsu tana tare kayan intanet na kamfanin Cisco na Amurka a hanya, ta saka abin da za ta saka, ta mayar cikin kwali.

Ni abin da ke ƙona min rai daban ne wallahi. Gida nawa na shiga gyaran intanet na tarar lambar shiga saitin admin, admin? Wata muguwar manhaja mai suna Mirai a 2016 da irin waɗannan lambobin na kamfani ta kame kyamarori da rautoci har Twitter da Netflix suka tsaya wa mutane. Akwai wani bawan Allah, ba zan kama suna ba, ya je haraj, kasuwar gwanjo, ya sayo tsohuwar rauta don ya rage riyal kaɗan, kamfanin ya daɗe da daina aiko mata sabuntawa. Na ce Alhaji wannan ba ta da amfani, ya ce ni ɗan kasuwa ne ina so in sayar masa tawa. Ni! Da na zo masa kyauta saboda zumunci, a zafin nan, har hawa na huɗu babu lif. Ya haɗa kyamarar falonsa a kanta, inda iyalinsa ke zama ba lulluɓi. Har yau in na tuna... to, a bar wannan.

Kawu kada ka jefar da komai tukuna. Canza lambar admin, ba ta Wi-Fi kaɗai ba, biyu ne daban. Kashe shiga saiti daga waje, kashe WPS (hanyar haɗa na'ura da Wi-Fi ba tare da rubuta lambar sirri ba), ka sabunta manhajar cikinta. In ta tsufa har babu sabuntawa, wannan kam a canza ta, ko ta wace ƙasa ce. Absher kuma, lambar da ake turo maka a waya kada ka karanta wa kowa, ko da ya ce daga banki yake.

Ɗauko min hoton takardar da ke manne a ƙasan rautar in ga samfurin, amma ka rufe lambar sirrin da yatsa, kuma ka turo min ni kaɗai, ba cikin guruf ba.