Shin kai ƙarar mai lalata da yaran 'yan gudun hijira tona asiri ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Mu mata ne a wani gari a Zamfara, tun da 'yan bindiga suka tashi ƙauyukan kusa da mu mutane suka cika firamaren unguwarmu, sai muka haɗa ɗan kwamiti da liman da mai unguwa, muna raka 'yan mata ɗebo ruwa da itace. Toh yanzu yara biyu sun gaya mana mai rubuta sunaye in za a raba masara yana cewa sai sun je ɗakinsa kafin ya sa sunan uwarsu, ɗayar ma ya riga ya ɓata ta, shekararta 14. Wasu dattawa sun ce a rufa asiri, wai tunda babu shaidu huɗu ƙazafi ne, bulala tamanin ce za ta hau kanmu. Ya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar uwa Allah ya saka muku da alheri, wannan kwamiti naku aikin lada ne kuma yana da asali, Annabi (SAW) tun kafin aiko shi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi bn Jud'an inda aka yi alkawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta a Makka, kuma bayan zuwan Musulunci ya yabi wannan alkawari.

Hukunci dai: yin shiru a nan bai halatta ba, wajibi ne a kai maganar gaban hukuma.

Hadisin da dattawan nan suke riƙe da shi, wanda ya rufa wa musulmi asiri Allah zai rufa masa, ingantacce ne, Bukhari da Muslim duk sun kawo shi. Amma an ɗora shi inda ba wurinsa ba. Imamun Nawawi a sharhin Muslim ya bayyana cewa ana suturta mutumin da ba a san shi da cutarwa da ɓarna ba, ya yi tuntuɓe tsakaninsa da Ubangijinsa, amma wanda ɓarnarsa ke kan mutane kai shi ake wurin shugaba, don rufa masa asiri ƙara masa ƙarfin gwiwa yake. Toh wannan mutumin takardar abincin mayunwata ce a hannunsa, gobe ma akwai rabo, akwai wata yarinyar. Asirin da ya wajaba ku rufa na yarinyar ne, kar sunanta ya fita, kar a yi ta da ita a bakin rijiya ko a WhatsApp.

Maganar shaidu huɗu kuma, sharaɗi ne na tsayar da haddin zina. Cire mutum daga amanar da ya ci, da bincikensa, da horonsa na ta'aziri, wato horon da alƙali yake yankewa bisa ganinsa, duk alƙali yana yinsu da alamomi masu ƙarfi, kamar rahoton likita da maganar yara biyu da ta zo iri ɗaya. Har ma Alƙali Abubakar Ibnul Arabi, babban malami a mazhabarmu ta Malikiyya, ya ce fashin mutuncin mata ya fi fashin dukiya muni. Sai dai ƙazafi gaskiya ne, yana nan a Suratun Nur aya ta 4, don haka ku kiyaye harshe. Kar wata ta fita tana shelar wane mazinaci ne, ku je wurin mai gari da 'yan sanda ko kotu ku ce ga abin da yara suka faɗa, ga takardar asibiti, a bincika. Wannan kai kuka ne, malamai sun halatta shi ko a babin giba.

Ita yarinyar babu zunubi a kanta ko kaɗan, ku gaya mata haka da bakinku don wallahi yaran nan da yawa kansu suke zargi. Allah ya ce a aya ta 33 cikin Suratun Nur dai, game da matan da ake tilasta wa alfasha, wanda ya tilasta su to Allah bayan tilasta su Mai gafara ne Mai jinƙai. A hadisin Wa'ilu bn Hujr wata mata ta fito za ta sallah wani ya afka mata ta yi kururuwa, Annabi (SAW) ya ce ta tafi Allah ya gafarta mata. A wannan hadisin kuma mutumin da aka fara kamawa ba shi ne mai laifin ba, sai daga baya na ainihin ya miƙe, kin ga ke nan kar ku bari matasa ko 'yan sa-kai su ɗauki doka a hannunsu su yi masa duka ko abin da ya fi haka, hukunci na alƙali ne.

Kuma kar wani ya ce muku irin wannan ba ta faruwa, a 2016 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 a sansanonin 'yan gudun hijira bakwai na Maiduguri da aka ci zarafinsu, kuma cikin waɗanda suka ci zarafin nasu har da masu tsaro da masu iko da sansanonin.

Yau ɗin nan ku kai ta asibiti, maganin kariya daga ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki, ko kwanakin sun wuce a duba ta. Kar a yarda a aura masa ita wai don a rufe magana, kar kuma a karɓi kuɗi a yi shiru. Imamu Malik ya ce wanda ya yi wa mace fyaɗe zai biya ta sadakin irinta, wannan haƙƙinta ne ban da hukuncin da ke kansa. Takardar sunaye ta bar hannun mutum ɗaya, a riƙa rubutawa a fili da mata biyu daga cikinku a zaune, ɗaya daga 'yan gudun hijirar kansu. In mai unguwa ya ja ƙafa ku wuce shi zuwa gaba.

Wallahu a'alam.