Sabis a cike, amma bidiyo ya ƙi tafiya

Tambaya: Malam, ranar Hawan Daushe ina tsaye a Ƙofar Kudu a Kano, sabis ɗina a cike, har ina kallon abin da aka turo min, amma bidiyona na minti ɗaya ya ƙi tafiya a WhatsApp sai da na koma gida. Wayar ce ko layin?

Amsa: Ɗan'uwa, wayarka lafiyarta lau. Sandunan nan da kake gani a saman allo, ƙarfin muryar ƙarfen sabis suke aunawa a kunnen wayarka. Ba su gaya maka ko shi yana jin ka. Eriyar ƙarfen tana magana da wat gommai, ita kuwa wayar 4G iyakarta miliwat 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya, saboda batiri da kuma kusancinta da jikinka. Mai lasifika ne da mai raɗa.

Sannan waya ba ta tura komai da ganin damarta. Sai ta fara neman izini, ta faɗi yawan kayan da ke jiranta, tashar, wato ƙarfen sabis ɗin, ta yanka mata rabo. A tsarin LTE, wato 4G, ana wannan rabon ne duk kashi ɗaya cikin 1,000 na daƙiƙa. Zangon megahaz 20 an tsaga shi gida 100, kowane gida kilohaz 180, ragowar megahaz 2 an bar su tazara a gefe, kuma waɗannan gidajen ne duk wanda ke wurin yake rububi. Ranar hawa kowa ɗauka yake yana turawa, to ka ga gida 100 ina za su kai? Mai rabon ba ya bin layi irin na gidan mai. Yakan duba wanda hanyarsa ta fi kyau a wannan ƙiftawar, ya kuma tuna wanda aka daɗe ba a ba shi ba.

Abin da ya fi ba injiniyoyi wahala, a ganina, shi ne hayaniyar maƙwabta. Wayoyin da ke ƙarƙashin tasha ɗaya ba sa taka juna, tunda kowacce da gidanta. Amma tashar da ke kusa ita ma waɗannan mitocin take amfani da su. Wanda ke bakin iyakarta dole ya ɗaga murya kafin a ji shi, muryar nan kuwa tana faɗowa kan eriyar taka tashar ta danne raɗarka. Shi ya sa ake ƙayyade wa na nesa ƙarfi da gangan, a bar shi ya yi ta tafiyar hawainiya don kada ya ɓata wa na gefe.

Ko 5G ɗin da ke kan zangon gigahaz 3.5, wanda hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta yi gwanjonsa a Disambar 2021, saukewa da turawa karɓa-karɓa suke yi a mita ɗaya, kuma saukewa ake ba kaso mafi tsoka.

In za ka sake zuwa, rage girman bidiyon kafin ka tura, ka fita daga cincirindon zuwa fili, kada ka rufe gefen wayar da tafin hannu.