Amsa: iyayen Charlie Chaplin

Malam, ka tambaya su waye iyayen Charlie Chaplin, shahararren ɗan wasan barkwancin fim ɗin nan, kuma ina za ka samu takardar haihuwarsa, to kar ka wahalar da kanka, ba a taɓa ganinta ba, ko hukumar leƙen asirin Ingila MI5 ta nema a 1952 ba ta samu ba. Shi dai ya ce a Landan aka haife shi ran 16 ga Afrilu 1889. Babansa Charles mawaƙi ne, giya ce ta yi ajalinsa a 1901, mamarsa Hannah Hill ita ma waƙa take da sunan Lily Harley kafin taɓin hankali ya kama ta, abin tausayi wallahi. Ka bi rajistar aurensu ta 1885 da ƙidayar jama'ar Ingila ta 1891, daga nan za ka kama bakin zaren.