Tambaya da Amsa: Magini ne ko mai kwaikwayo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun zayyanar gine-gine. Na ga hoton wata fada a ƙasar Denmark mai suna Frederiksborg, an ce Sarki Christian na Huɗu ne ya gina ta a farkon shekarun 1600, amma a ƙasan hoton sai ga sunan wani Ferdinand Meldahl da aka haifa a 1827. Ta yaya haka? In kuwa tsohon gini ya kwafa, me ya sa ake yabonsa? Daga mai bibiyar wannan fili a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Duka biyun gaskiya ne, gobara ce ta shiga tsakani.

A watan Disamba na 1859 Sarki Frederik na Bakwai yana kwana a fadar, wadda ke zaune kan ƙananan tsibirai uku a tafkin garin Hillerød. Sanyi ya matsa, ya sa aka hura masa wuta a wani ɗaki. Kafin gari ya waye wutar ta ci rufi da benaye, ta lashe hotunan sarakuna masu yawa. Cocin fadar ya tsira, sauran kuwa kusan duk kango. Jama'a suka yi karo-karo, aka miƙa wa Meldahl aikin sake gina fadar yana ɗan shekara talatin da 'yan kai.

To, ka sa kanka a takalminsa. Gabanka bangon jan bulo da hayaƙi ya dafe, hannunka tsofaffin zane-zane, waɗanda ba su nuna komai da komai ba. Inda hoto ya nuna, sai ka bi. Inda bai nuna ba fa? Dole ka san hannun maginan wancan zamani har ka iya cike gurbin yadda ba za a ga ɗinki ba. Meldahl ya iya, don kafin ya riƙe fensir ya koyi aikin birkila, mahaifinsa kuma mai masana'antar narkar da ƙarfe ne. Kuɗin gyaran ciki ya fito ne daga aljihun J.C. Jacobsen, mai kamfanin giya na Carlsberg, wanda ya sa aka mai da fadar gidan tarihin ƙasa a 1878.

Haka maginan Turai da yawa suka yi aiki a ƙarni na 19: su ɗauko salon wani zamani da ya shuɗe, su gina sabon abu da shi. A wurinsu ba abin kunya ba ne, shi ne ma ilimin. Meldahl ya koyar da shi a makarantar fasaha ta masarauta a Kopenhagen, har ya shugabance ta daga 1873 zuwa 1890. Shi ne kuma ya zana majalisar dokokin Iceland a Reykjavik, ƙaramin gini na sassaƙaƙƙen dutse da aka kammala a 1881.

Ni dai a ganina, gwanintarsa ta fi fitowa a wajen ƙarasa abin da wasu suka bari, fiye da ƙirƙiro nasa. Waɗanda suka taso bayansa ma sun yi masa wannan gorin, suna ganin ya danne sabon tunani. Ban ce ba su da hujja ba.

Amma dubi cocin Frederik na Kopenhagen, wanda ake kira Cocin Marmara, wato dutsen nan mai sheƙi da tsada da Turawa ke kira "marble". An aza harsashinsa a 1749, kuɗi ya gagara, aka dakatar da aiki a 1770. Ya fi shekara ɗari a tsaye ba rufi, a tsakiyar unguwar sarauta, ciyawa na fitowa a jikin bango. Attajiri C.F. Tietgen ya saye kangon a 1874, ya kira Meldahl. Shi kuma bai rushe ba, ya ɗora a kan abin da ya tarar, ya rage girman da aka tsara tun farko, ya kafa ƙubba mai faɗin mita 31 a kan ginshiƙai goma sha biyu, irin ta cocin Saint Peter na Roma. Aka buɗe shi a 1894, shekara 145 bayan aza tubalin farko.

Marmaran da ke cikin sunan ma kada ya ruɗe ka. Aljihu bai kai ba, don haka mafi yawan abin da Meldahl ya ɗora a sama dutsen farar ƙasa ne. Ya rasu a 1908.