Sai da bawul ne jitar bes ke yin kauri?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni ke kaɗa jitar bes a ƙungiyar mawaƙan cocinmu a Kaltungo, wani lokaci kuma a ɗauke mu biki a Billiri ko cikin garin Gombe. Jitata marar batir ce, mai tsirkiya huɗu. Ba ni da amfilifaya, kai tsaye nake soka waya a miksa, wayar kuma doguwa ce don mai miksa yana can bayan jama'a. Sautin yana fita a raunane, ba nama a jikinsa, ga ƙugi da zarar an tayar da janareta. Wani abokina ya ce ba zan samu sautin nan mai kauri da ɗumi na tsofaffin faya-fayai ba sai da na'ura mai bawul a ciki. Na ɗan tara kuɗi. Akwatin DI zan saya ko firi'am, kuma dole ne sai mai bawul? Daga mai karatu a Kaltungo.

Amsa: Ƙanena, sannu da ƙoƙari. Ajiye maganar bawul tukuna, wato 'yar kwalbar gilashin nan da ke ƙara wa sigina ƙarfi a tsofaffin amfilifaya, domin ciwon da ka kwatanta ba rashin bawul ne ya kawo shi ba. Maganaɗisun da ke ƙarƙashin tsirkiyoyin jita marar batir sigina rarrauna suke bayarwa, kuma tana son ta shiga ƙofa mai babbar turjiya, wajen om miliyan 1 (om shi ne ma'aunin turjiya), yadda ake yin ƙofar amfilifayar jita. Ramin jak na miksa kuwa galibi om dubu 10 ne ko sama da haka kaɗan, an yi shi ne don piyano mai wuta da makamantansa. Da ka soka jitarka a nan, miksar ta danne ta, ƙarfi ya ragu, armashi ya tafi. Sannan wayar jak ba a yi ta don tafiya mai nisa ba. Ta wuce mita 6 ta fara kwaso duk hayaniyar wutar da ke ɗakin.

Wannan shi ne aikin akwatin DI. Yana zaune kusa da ƙafarka, gajeriyar waya ta shiga cikinsa daga jita, wayar makirfo mai ƙafa uku, wato XLR, ta fita zuwa miksa. Irin wannan waya tana ɗaukar sigina ta layi biyu masu saɓa wa juna, hayaniyar da ta shiga a hanya sai ta kashe kanta a bakin miksa, shi ya sa za ka ja ta mita 30 ba ka ji hayaniya ba. DI iri biyu ne. Akwai wanda taransifoma ce kawai a cikinsa, ba ya cin wuta, kamar Radial JDI na Kanada. Akwai kuma mai cin wuta, daga batir 9V ko daga wutar fantom 48V da miksa ke turowa ta wayar XLR, kamar Countryman Type 85 ko BSS AR-133. Ƙa'idar da muke bi a wurin aiki ita ce jita marar batir a ba ta DI mai wuta, jita mai batir kuma mai taransifoma ya ishe ta. Taka marar batir ce, ka ga inda ka faɗa.

Sai dai DI zalla ba ya ƙara wa miya gishiri. Abin da ka ba shi, shi zai miƙa, a tsabtace. Kaurin da kake nema daga wani wuri yake zuwa, kuma a nan abokinka ya faɗi rabin gaskiya.

Sautin da kunnenka ya saba da shi a tsofaffin faya-fayai, da yawansa na amfilifayar Ampeg ne: B-15 da ta fito a 1960, da SVT ta 1969, mai wat 300, wadda ake ɗora wa kan akwati mai sifika takwas masu inci 10. Idan aka matsa wa bawul, ba ya tsinke sauti farat ɗaya, a hankali yake lanƙwasa shi, ya haifar da wasu muryoyi a saman muryar asali. Tsirkiyarka mafi kauri, E, tana kaɗawa sau 41 a daƙiƙa. Yawancin sifikun da ake haya a bukukuwanmu ba sa iya fitar da wannan da kyau, balle wayar hannun da za a ɗauki bidiyo da ita. Amma idan aka samu muryar 82 da ta 123 a samanta, wato ninkinta biyu da uku, kunne sai ya ji bes ɗin cike, ko a ƙaramar sifika. Wannan ne mutane ke kira ɗumi. Bayan haka bawul yana ɗan danne bugun da ya yi ƙarfi, kiɗan ya daidaita. Na uku, wanda aka fi mantawa da shi, akwatin sifikar bes da kansa yana yanke tsinin sama, ƙarar yatsa da ƙaras-ƙaras ɗin ƙarfe su ragu. To ka lura, babban rabo a wannan aiki na manyan bawuloli ne na ƙarshe, da taransifomar fita, da sifika. Ƙaramin bawul irin 12AX7 guda ɗaya a cikin akwati ba zai ba ka duka ba.

Kuma ba kowane mai bawul ba ne mai bawul. An taɓa kawo mini wata ƙaramar na'ura gyara a shago, mai ita yana ta yabon yadda kwalbar ke yin ja ta bayan 'yar taga. Da na kwance murfin, sai ga ƙaramar fitila ruwan lemo an manna a bayan bawul ɗin, ita ke haskawa. Bawul na gaske yana son bolt 200 zuwa 300 a jikinsa kafin ya yi aikin da aka san shi da shi. Masu arha da yawa 'yan bolt kaɗan suke ba shi, yana nan dai a ciki, amma yawancin aikin wasu sassa ne ke yi. Waɗanda aka yi da gaske, irin su REDDI na kamfanin A-Designs mai bawul 6N1P, suna da daɗi ƙwarai, ban musa ba. Amma da tsada, da nauyi, kuma sai an soka su a bango. Ka tuna kai wutar janareta kake sha, mai hawa da sauka duk lokacin da aka kunna wani abu mai nauyi. Ka tuna kayanku a bayan mota suke tafiya daga Kaltungo zuwa Gombe, ga zafin Maris da Afrilu, ga ƙurar hunturu. Bawul kwalba ne, idan ya mutu ranar Asabar da yamma ba a kowane shago za ka same shi ba. Idan kuma kwance ne daga Amurka, duba bayansa da kyau: can 120V suke amfani da shi, mu 230V.

Da ni ne kai, firi'am mai DI a jikinsa zan saya, wato na'urar da ke ƙarfafa sigina ta gyara sauti kafin ya shiga miksa, marar bawul, wanda aka ƙera don ya kwaikwayi wancan sauti. Kuɗi ɗaya, aiki biyu. Uban tafiyar su shi ne SansAmp Bass Driver DI na kamfanin Tech 21 da ke Amurka, wanda yake kasuwa tun shekarun 1990, yana kuma aiki da batir 9V, ko adafta, ko wutar fantom. Idan aljihu bai kai ba, Behringer BDI21 tsarin wancan ya bi, farashinsa ƙasa sosai, sai dai jikinsa roba ne kuma ba ya cin fantom, batir ko adafta kawai. Akwai MXR M80 da Ampeg SCR-DI, su ma ba bawul a cikinsu. Ko a Sabon Gari a Kano za ka saya, ko daga Alaba za a aiko maka, ka yi ƙoƙari a gwada ramin XLR ɗin a miksa kafin ka biya, musamman idan na hannu ne.

Yadda za ka saita shi ya fi sunan da ke jikinsa muhimmanci, a nan ne matasa ke ɓata abin. Maɓallin Drive kaɗan ake murɗawa, daidai inda idan ka ja tsirkiya da ƙarfi za ka ji ɗan gurnani, idan ka sassauta ya ɓace. Presence da Treble ka rage su. Kada ka cika Bass, domin a cikin coci mai rufin kwano da bangon siminti ƙasan sauti taruwa yake, ya zama gunji, mawaƙa su daina jin kansu. Tsohon SansAmp da BDI21 suna da halin cinye tsakiyar sauti, wadda ita ce ke sa a ji ka a tsakanin ganga da piyano. Maganin wannan shi ne Blend, maɓallin da ke gauraya sautin na'urar da na jitarka zalla: mayar da shi wajen rabi, asalin muryar jitarka ta dawo. Sabon SansAmp, na biyu, an ƙara masa maɓallin Mid saboda haka. Sannan ka rage maɓallin Tone na jikin jitar, ka matsar da yatsunka kusa da wuyanta. Wannan kyauta ne, kuma za ka sha mamakin yawan ɗumin da ke nan.

Maganar ƙugi: a jikin DI akwai makunnin da ke raba layin ƙasa, wato ground, na jitarka da na miksa, ka gwada shi sama da ƙasa ka bar shi inda ya fi shiru. A SansAmp makunnin nan ɗaya ne da na fantom, idan ka raba ƙasa fantom ta yanke, don haka kada aljihun jakarka ya rabu da batir. Ka riƙa zare jak idan an tashi, barinsa a ciki yana shanye batir. Adafta kuma 9V ce mai tsakiya nagetif. Ta dikoda ko ta rawuta galibi 12V ce mai tsakiya fozitif, bakinta zai shiga daidai, tana iya ƙona maka na'ura. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne karya ƙafa ta uku ta fulogin miksa ko amfilifaya don ƙugi ya tafi. Wannan ƙafa ita ke tsare ranka ranar da wuta ta zubo a jikin ƙarfe, kai kuwa tsirkiyar ƙarfe ce a hannunka.

Tambaya: Yallaɓai, ina da ƙaramin situdiyo a Yelwa, Bauchi, na kuma gaji wata tsohuwar amfilifaya mai bawul. Zan iya cire sifikar in soka wayarta a DI don in ɗauki sauti da dare ba tare da damun maƙwabta ba?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, kada ka kuskura. Amfilifaya mai bawul ba a kaɗa ta ba sifika a jikinta, taransifomar fita ce za ta ƙone, ita ce kuma mafi tsada da wuyar samu a cikinta. DI ba ya maye gurbin sifika, ko da irin wanda aka rubuta yana karɓar ƙarfin sifika ne, tare da sifikar ake haɗa shi. Abin da kake buƙata akwatin lodi ne, wanda ke shanye ƙarfin ya mai da shi zafi, mai om daidai da abin da aka rubuta a bayan amfilifayarka, galibi 4 ko 8, kuma mai ɗaukar wat ɗinta. Kafin ka same shi, ɗauki bes ɗin ta DI da dare, da rana ka mayar da shi ta amfilifayar ka sa mata makirfo.