Katun ɗin Japan da ya sa ɗana neman katin banki

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ɗana mai shekara 15 ya karɓo wani katun na Japan wajen masu turi a Farm Centre, wai shi Granblue Fantasy. Tunda ya gama kallo ya koma buga wasansa a wayata, yanzu kullum sai "Umma ki ara min katinki in samo wata jaruma." Shin abin nan fim ne ko talla? Kuma in hana shi gaba ɗaya?
Wata uwa, Gwammaja

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Talla ne, kuma masu shi ba su ɓoye ba. Wasan ne ya riga fim ɗin zuwa duniya. Kamfanin Cygames na Japan ya fitar da wasan a 2014, sai a 2017 gidan zane na A-1 Pictures ya mayar da farkon labarinsa katun mai kashi 13, aka ƙara zango na biyu a 2019. Har faifan fim ɗin da aka sayar a Japan an saka masa lambobin da mai saye zai shigar a cikin wasan ya karɓi kyauta. Irin ɗanɗanon da mai kilishi yake yago miki ne a bakin Agadasawa, ya san ba a nan za ki tsaya ba.

Shi labarin ba shi da wani mugun abu sosai. Wani yaro ne, Gran, a duniyar da tsibirai ke shawagi a sararin sama. Ya haɗu da wata yarinya mai shuɗin gashi, Lyria, wadda ta gudo daga hannun sojojin wata daula, suka hau jirgin sama mai kama da na ruwa suna neman tsibirin da mahaifinsa ya tafi. Ni a ganina zanen ya fi labarin kyau, akwai wuraren da za ki ji ana jan sa kawai don a gabatar da sabon jarumi, a nuna takobinsa da irin bugunsa, a wuce. To wannan jarumin shi ne hajar.

Ga yadda kuɗin ke fita. Wasan kyauta ne, amma manyan jarumai galibi ba a sayensu kai tsaye, ƙuri'a ake ja, tsarin da suke kira gacha. Ka biya, na'ura ta zaɓo maka abin da ta ga dama. A Granblue damar samun kaya mafi daraja kashi 3 cikin 100 ce a ja ɗaya, takan koma kashi 6 a ranakun garaɓasa, kuma ko an dace ba lallai wadda yaro yake so ce za ta fito ba. A farkon 2016 an yi babban surutu a Japan saboda mutanen da suka narkar da maƙudan kuɗi suna neman jaruma guda ba su samu ba, har kamfanin ya kawo doka cewa wanda ya ja sau 300 zai zaɓi wanda yake so. A lokacin ja ɗaya yen 300 ne, kin ga yen 90,000 kenan. Ki sa ɗan naki ya tambayi 'yan canjin Wapa nawa ne wannan a naira, ya dawo ya faɗa miki da bakinsa. Tun 2012 ma hukumar kare masu sayayya ta Japan ta haramta wani nau'in gacha ɗin da sai ka tara jerin kaya kafin a ba ka babbar kyauta. Batun ko caca ce a shari'a kuwa, wannan na malamai ne, amma ki kwatanta musu shi yadda na faɗa miki, kada ki ce "wasan waya" kawai.

Ban ga dalilin hana shi kallo ba, katin ne kada ki bayar, ko sau ɗaya, domin lambar takan zauna a cikin waya bayan sayen farko. Wasan da kansa yana raba lu'ulu'un da ake jan ƙuri'a da su kyauta, mutane da yawa na tara su wata da watanni ba su kashe ko sisi ba. In yana son jarumar da gaske, ya tara.

Sai abu ɗaya. Masu turi sukan haɗa wa yaro da makamantansa, kuma kamfanin Cygames ɗin yana da wani katun, Rage of Bahamut: Genesis, na 2014. Ya fi Granblue daɗin kallo nesa ba kusa ba, amma cike yake da yaƙin alloli da shaiɗanu da mala'iku irin na tatsuniyarsu, ga shaye-shaye. Ki karɓi wayar ki duba sunayen da aka tura masa, wannan in kin gan shi ki fara kallon kashi biyu ke kaɗai kafin ki yanke hukunci.