Amsar da aka turo a murya a 2023 kan hannun jarin Seagate da Western Digital

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi mani haƙuri, murya zan yi, ina Ƙofar Ƙaura cikin cunkoso. Na saurari muhawararku. Alhaji ya ce hannun jarin masu ƙera had-disk, wato faifan ajiyar bayanai na kwamfuta, ya yi arha, a saya. Malam kuma ya ce kamfanin da ke asara ba ya da wata arha, tunda Seagate da Western Digital duk asara suka sanar a shekarar kuɗinsu da ta ƙare tsakiyar 2023.

To Malam, Allah shi gafarta, lissafinka na raba kuɗin hannun jari da ribar shekara, wato P/E, a wannan sana'ar baibai yake aiki. Ɗauki ɗan kasuwar masara a Dandume. Shekarar da ya sayi buhu da kaka, damina ta zo farashi ya ninka, in ka auna shi da ribar wannan shekarar sai ka ce a ba shi 'ya. Shekarar da kaya ya kwana a sito, sai ka ce ya karye. Alhali mutum ɗaya ne, sito ɗaya. Haka waɗannan suke. Lokacin Korona kowa ya sayi kwamfuta, manyan rumbunan ajiyar bayanai irin na Amazon da Google suka tara kaya, riba ta hau, P/E ya yi ƙasa, ya yi kamar arha. Ashe ƙololuwa ce. Daga 2022 masu sayen suka ce bari mu cinye wanda muka tara tukuna, oda ta tsaya, har Seagate ya sanar da sallamar ma'aikata kusan 3,000 a Oktoban 2022. Don haka ni ribar shekara biyar zuwa bakwai nake haɗawa, mai kyau da marar kyau, in fitar da tsakiya, da ita nake auna kuɗin yau.

Amma Alhaji ranka shi daɗe, kai ma ban sakar maka ba. Ka ce kasuwa za ta dawo. Za ta dawo, amma wa za ta tarar da rai? Kamfanoni sama da 200 sun taɓa ƙera had-disk, yau uku suka rage, Seagate, Western Digital da Toshiba. Ina Maxtor? Seagate ya haɗiye shi a 2006. Ɓangaren Samsung ya bi a 2011, na Hitachi ya koma hannun Western Digital a 2012. Raguwarsu zuwa uku ɗin ma ta taimake su, an rage karya wa juna farashi. Duk da haka bashi nake fara dubawa, nawa ne, yaushe za a biya, nawa ke hannu. Western Digital ya ciwo bashi mai nauyi da ya sayi SanDisk, kamfanin ƙera memori, a 2016, kuma a 2020 ya dakatar da rabon riba. Seagate yana rabawa, sai dai ga tarar dala miliyan 300 da gwamnatin Amurka ta ɗora mashi a Afrilun 2023 kan sayar wa Huawei, kamfanin China da ta sa wa takunkumi, kaya.

Ƙanena da ya ce SSD, wato ma'ajiyar bayanai marar faifai mai juyawa, ta kashe had-disk, a laftof ka yi gaskiya, je shagunan masu gyara ka gani, cire shi ake yi ana saka SSD. Amma a manyan rumbuna har yanzu ajiyar terabait ɗaya a had-disk ta fi arha nesa ba kusa ba, can ne cinikin ya koma. Ranar da tazarar farashin nan ta rufe, a ranar zan yarda ba faɗuwar kasuwa ba ce, mutuwa ce.

Sai batun halacci, tunda na san za a tambaya. Ma'aunin AAOIFI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, ya ce bashi mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfani a kasuwa. Ka ga kenan duk lokacin da hannun jari ya faɗi, kason bashin hawa yake yi, ranar da ya fi arha ita ce ranar da ya fi saurin faɗuwa tantancewa. Kowa ya duba wannan da malaminsa kafin ya danna saye. Kuma da dala ake saye, kun ga yadda naira ta yi tun Yunin 2023.

Hanya ta buɗe, sai na isa shago. Alhaji, turo mani takardar rahotonsu ta wata ukun ƙarshe, shafin bashi da na kayan da ke sito nake son gani.